Kwashe gubar dalma daga ƙasar Anka da Bukkuyum: kundin aiki daga 2010

Maris zuwa Mayu 2010

Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau a Zamfara ne suka fara cin karo da abin a watan Maris: yara ƙanana suna amai, suna jijjiga, suna rasuwa, maganin maleriya da na sanƙarau kuma ba sa yin komai. Mutanen gari sun ce tun kafin yaran, agwagi ne suka fara ƙarewa. Gwajin jini ya nuna dalma.

A watan Mayu jami'an hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da na Hukumar Lafiya ta Duniya sun bi ƙauyukan Dareta da 'Yargalma gida-gida tare da ma'aikatan lafiya na jiha da na tarayya. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Cikin waɗanda aka gwada, kashi 97 cikin ɗari dalmar jininsu ta kai maikirogiram 45 a desilita ko ta zarce, wato mizanin da ake fara ba da magani a kansa. Na'urar gwajin hannu ta LeadCare II iyakarta 65, da yawa daga cikin yaran sun wuce abin da take iya karantawa, sai da aka koma sirka jinin sannan a lissafa.

Tushen abin dutsen gwal ne. Farashin gwal ya tashi a duniya, jijiyar da ake haƙowa a wannan yanki kuma tana haɗe da dalma mai yawa. Ana kawo dutsen cikin gari a fasa da guduma, a niƙe shi a busasshe da injin niƙan hatsi ko a daka a turmi, a wanke, a kama gwal da zaiba, a shanya abin da ya rage a tsakar gida don a sake niƙawa. Kashi biyu cikin uku na gidajen ƙauyukan nan biyu suna yin wani ɓangare na wannan aiki a cikin gida. A kashi 85 cikin ɗari na gidajen, dalmar ƙasa ta haura miligiram 400 a kilo, iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara. Akwai wuraren da ta wuce 100,000, wato sama da kashi goma cikin ɗari na ƙasar da yaro ke rarrafe a kai dalma ce zalla.

Yuni 2010: Dareta da 'Yargalma

An buɗe ɗakunan jinya a asibitocin Bukkuyum da Anka, ana ba yara maganin DMSA mai fitar da dalma daga jini. Sai dai magani shi kaɗai ɗiban ruwa ne da kwando. Yaron da aka wanke wa jini aka mayar da shi tsakar gidan da ta sa masa ciwon, cikin 'yan makonni ya koma inda yake. Saboda haka tsarin da aka tsayar shi ne: a fitar da niƙa daga gari, a gyara ƙasa, sannan a sallami yaro zuwa gida. Masarautu ne suka ɗauki nauyin na farko, don umarnin sarki da hakimi ya fi takardar kowane ofis isa cikin zaure. Aikin ƙasa kuma Ma'aikatar Muhalli ta jiha ce ke yi da leburori 'yan gari, da jagorancin injiniyoyin kamfanin TerraGraphics na jihar Idaho ta Amurka, waɗanda suka daɗe suna irin wannan aiki a yankin ma'adinai na Bunker Hill, tare da Cibiyar Blacksmith.

Ga yadda ake bi da gida ɗaya.

Da farko a nemi izinin maigida, mata ma'aikata su shiga su yi wa matan gida bayani, don gidajen kulle ne, kuma matan ne suka san inda aka taɓa daka dutse da inda aka shanya shi. A zana taswirar gidan a takarda: zaure, ɗakuna, madafa, rumbu, turken dabbobi, bakin rijiya, makewayi. Sai mai na'urar auna dalmar ƙasa ta XRF ya bi ko'ina yana ɗora bakinta a ƙasa, cikin daƙiƙoƙi ta ba da adadi, ana rubutawa a kan taswirar. Inda ya haura miligiram 1,000 a kilo, kankarewa za a yi. Tsakanin 400 da 1,000, rufewa da ƙasa mai tsabta ya isa. Ƙasa da 400 a bar shi.

Ranar aiki a fitar da kayan gida gaba ɗaya, a kwashe yara da mata zuwa gidan da aka riga aka gyara ko wanda ba shi da guba. Leburori su kankare santimita 5 na sama da fartanya da shebur, suna farawa daga ƙuryar gida suna ja da baya zuwa ƙofa, don kada a taka inda aka gama. Dalilin santimita 5 shi ne ƙurar dutsen daga sama ta sauka, kuma daɓaɓɓiyar tsakar gida ba ta barin ta nutse sosai. Amma ba a yarda da ido. Bayan an kankare sai na'ura ta sake bi, inda bai sauka ba a ƙara wasu santimita 5, a sake aunawa. Gurbin turmi, gindin katanga inda shara ke taruwa, da inda ake zubar da ruwan wanki, su ne suka fi neman zagaye na biyu da na uku.

Abin da aka kankare a zuba a buhu a ɗaure baki tun a cikin gida, kada a tara shi tsibi a ƙofar gida iska ta raba wa maƙwabta. Daga nan a shimfiɗa sabuwar ƙasa kimanin santimita 8, wadda aka gwada tun a ramin da aka ɗebo ta aka ga dalmarta ba ta wuce miligiram 25 a kilo ba, a yayyafa ruwa a daɓe. Ba a mayar da kaya sai an wanke na wankewa. Tsohuwar tabarma, buhunan da aka taɓa zuba dutse, da turmin da aka daka dutse a ciki, rami za su. Turmi itace ne, ƙurar ta shige cikin tsagoginsa, wanki ba ya fitar da ita.

Ga lissafi ga mai shirya kayan aiki. Gida mai faɗin mita 20 da tsawon mita 20, santimita 5 ɗinsa kubik mita 20 ne, kusan tan 30, wato buhu 600 masu kilo hamsin-hamsin. Rufinsa kubik mita 32 ne, kwanon sarki kusan 1,800 in da ka za a shigar. Kuma da ka ɗin ko da baro ake shigarwa, tunda lungunan ƙauye da ƙofar zaure ba sa ɗaukar mota. Wanda ya yi kasafin tifa da katafila ya manta da buhu da ƙafar shebur, aikinsa zai tsaya a rana ta biyu.

Su kansu leburorin suna sa takunkumi da takalmin roba da rigar aiki, kuma rigar ba ta zuwa gida. Suna wanke hannu da fuska kafin cin abinci, suna wanka kafin tashi. In ba haka ba an yi gyaran gangar Auzinawa: a kwashe guba daga gidan wani a kai wa 'ya'yan lebura.

Yuli zuwa Satumba 2010

An gama ƙauyukan biyu, damina ta tsayar da sauran. Hanyoyi sun yanke, tifa ba ta shiga, jiƙaƙƙiyar ƙasa kuma ba ta kankaruwa, laka ce kawai ke bin ƙafa daga wuri mai guba zuwa mai tsabta. Ita ma na'urar XRF tana rage adadi in ƙasa na da danshi, sai a ɗauka wuri ya yi kyau alhali bai yi ba. An ci gaba da gano ƙauyuka da jinyar waɗanda suka fi jin jiki.

Oktoba 2010 zuwa Maris 2011: Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza

Zango na biyu, ƙauyuka biyar, da tallafin asusun gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya ta hannun UNICEF. Tsarin cikin gida bai canja ba. Abin da ya fi cin lokaci a wannan karon shi ne wajen gida.

Kududdufai ne kan gaba. A bakinsu ake wanke niƙaƙƙen dutse, dusar da ta rage tana kwanciya a gindi. In ruwa ya janye da rani, nan ɗin ne dai ake zuwa a kwaɓa laka a buga tubali, a yi yaɓe. Ma'ana gubar tana komawa gari a jikin bango, ruwan damina ya zaizayo ta, ta sauka a tsakar gidan da aka gama gyarawa. Don haka duk gidan da ake aunawa, a ɗora na'ura a jikin katanga da bangon ɗaki ma, musamman sabon gini. Bangon da ya nuna adadi mai yawa a kankare fuskarsa a shafe da siminti ko sabon yaɓe mai tsabta. Kududdufin kuma a jira ya bushe a kwashe gindinsa. Ƙa'ida ga duk mai shirin gina aji, ɗakin shan magani ko masallaci a waɗannan garuruwa: a auna filin, a auna ramin da za a ɗebo laka, a auna tubalin da aka sayo, kafin a ja igiya.

Sai ramin binnewa. Ana haƙa shi wajen gari, nesa da rijiya da fadama da hanyar ruwa, a inda ƙasa ke da yumɓu, kuma gindinsa ya tsaya sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. A daɓe gindin, a jera kaya hawa-hawa ana dannewa, a rufe da ƙasa mai tsabta mai kauri, a yi mata doro don ruwa ya gangare maimakon ya kwanta, a kafa alama mai ɗorewa, a rubuta wurin a taswira. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, shekara ɗari tana nan yadda aka zuba ta. Barazanar ramin kuma ba ruwa kaɗai ba ne. Dusar da aka binne da sauran gwal a cikinta, kowa ya sani. Ramin da ba a damƙa wa dagaci amanarsa ba, wata rana da dare za a tone shi.

Wata matsalar ita ce gwaji. Adadin da na'ura ke bayarwa a kan ƙasa kai tsaye na ƙasar ne da tsakuwarta da yashinta. Abin da ke manne wa tafin yaro ya shiga baki kuwa lallausan gari ne, kuma a nan dalmar ta fi taruwa. In aka tankaɗe samfur da rariya mai laushi aka sake aunawa, adadin yakan haura. Shi ya sa wurin da ya tsaya dab da iyaka ake ɗaukarsa a matsayin wanda ya wuce. Kowace safiya kuma a gwada na'urar da samfurin da aka san adadinsa kafin a fita da ita.

Iskar hunturu tana tayar da ƙura daga inda ake kankara, sai an riƙa yayyafi kaɗan-kaɗan, ba mai yawan da zai zama laka ba. Ramin ɗibar sabuwar ƙasa shi ma kada ya kasance ta inda iska ke busowa daga wurin niƙa.

Akwai ƙofar da aka yi jinkirin lura da ita: abinci. Gero da dawa ba sa jan dalma sosai daga gona. A masussuka, wurin shanya, turmi da injin niƙa suke kwasarta. Injin da ya niƙa dutse da safe ya niƙa dawa da yamma, gidan da ba su taɓa ganin gwal ba ma sun ci. Yaro kuma jikinsa yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, balle in cikinsa ba komai ko yana da ƙarancin jini.

Afrilu 2011 zuwa Disamba 2012: Bagega na jira

Ƙauyuka bakwai sun samu gyara. Saura Bagega, wadda ta fi kowannensu girma nesa ba kusa ba, ga kuma babban filin niƙa da wanki a gefen gari kusa da madatsar ruwa. An auna, an zana, an yi kasafi. Kuɗi ne babu. An ƙiyasta yara kusan 1,500 ke buƙatar a duba su, MSF kuma ba ta iya fara musu magani a garin da ba a gyara ba, bisa dalilin da aka faɗa a sama.

A watan Satumba 2011 gwal ya kai wajen dala 1,900 kowane oza. Da irin wannan farashi, faɗa wa manomi ya bar haƙa ɓata baki ne. Hani sai dai ya mayar da niƙa cikin ɗaki a ɓoye, inda ya fi kisa.

A watan Mayu 2012 an yi taro a Abuja kan matsalar, maganar naira miliyan 850 da gwamnatin tarayya ta yi alkawari ta sake tasowa. A watan ne kuma CDC ta sauke mizanin damuwa na dalmar jinin yara daga maikirogiram 10 a desilita zuwa 5. Rani ya wuce, damina ta zo ta wuce. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch da matasan Follow The Money, su Hamzat Lawal, suka riƙa matsa lamba da kamfen ɗin ceto Bagega. A wannan aiki jinkirin wata biyu na iya zama na shekara, domin kuɗin da bai fito kafin tsakiyar rani ba, sai a jira wata kakar.

Janairu zuwa Maris 2013

A ƙarshen Janairu aka saki kuɗin. Watan Fabrairu ya tafi a shiri da sake aune-aune, tunda taswirar da ta shekara biyu ba abin dogaro ba ce a garin da ake gini ana rushewa. An shiga kankara gadan-gadan a watan Maris, wata uku ko ƙasa da haka kafin ruwa ya sauka.

Girman garin ya sa aka raba shi shiyya-shiyya, a gama ɗaya a tabbatar da ita kafin a shiga ta gaba. A shiyya ma akwai jeri: gidaje tukuna, sannan lunguna da filaye, don ta lungun ake fitar da buhuna, in aka fara gyara shi za a sake ɓata shi. Hanyar da mai guba ke fita daban, wadda sabuwar ƙasa ke shigowa daban. Motar da ta kai kaya rami ba ta ɗauko mai tsabta sai an share an wanke bayanta. Filin niƙa na gefen gari kuwa ba aikin fartanya ba ne, tarin dusa ne mai zurfi, sai manyan injuna.

Afrilu 2013

An tabbatar da shiyyar farko, MSF ta fara gwada yaranta da ba su magani. A lokacin yawancin jinyar ba kwanciya ake yi ba, zagaye ne na kwana 19 a gida, ana sa ido kan shan maganin. Iyaye su san cewa adadin yakan sauka sannan ya ɗan sake hawa bayan an gama zagaye, domin dalmar da ta taru a ƙashi tana komawa jini a hankali. Wannan ba gazawar magani ba ce, kuma shi ya sa yaro ɗaya kan yi zagaye da yawa. Amma in ya yi tsalle sama, a koma gidan da na'ura: ko an dawo da dutse, ko uba na shigowa da kayan aiki a jiki, ko akwai kusurwar da aka tsallake. Maganin yana sauke dalmar jini, ba ya mayar da abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa.

Yuli 2013

An kammala Bagega, ruwa na kan kai.

Disamba 2013

Jimillar zango uku a ƙauyuka takwas: gidaje 820 da wuraren niƙa, an kwashe ƙasa da dusar dutse sama da kubik mita 27,000, akasari da hannu. In tifa na ɗaukar kubik 5, sawu 5,400 ke nan. Dalmar ƙasa ta ragu da kashi 89 cikin ɗari. Yara 2,349 sun sha magani. Matsakaicin dalmar jinin yaran da ake gwadawa kafin magani ya sauko daga maikirogiram 149 a desilita zuwa 15. Waɗanda suka rasu tun farkon abin sun haura 400.

Sha biyar ɗin nan ninki uku ne na mizanin CDC na 2012, kuma rufin santimita 8 ba dutse ba ne. Tsintsiya na cin sa kullum, kaji na tona, indararo na zaizaye shi, a haƙa sabon masai ko tushen ɗaki a juyo ta ƙasa sama. An riga an ga gidajen da aka gyara a zangon farko adadinsu ya sake tashi, kusan duk saboda dutse ko ƙurarsa sun dawo. Abin da ke gaba: na'ura da ma'aikatan da suka iya ta su zauna a hannun jiha da ƙaramar hukuma, a riƙa zagaye bayan kowace damina, wurin niƙa ya tsaya can wajen gari, da ruwan wanka da wurin canja kaya, a koma niƙa da ruwa, don jiƙaƙƙen dutse ba ya tayar da ƙura, injin hatsi kuma kada ya sake ganin dutse.

Mayu 2015: Shikira

Abin ya ɓulla a jihar Neja, ƙaramar hukumar Rafi, a Unguwar Magiro da Unguwar Kawo na yankin Shikira. Yara 28 sun rasu. Dutsen gwal ne, niƙa a cikin gida ne, alamomin su ne dai na Dareta.

Bambancin da 2010 shi ne a wannan karon akwai ma'aikatan Zamfara da suka yi wannan aiki da hannunsu a ƙauyuka takwas, sun san na'ura, sun san rami. Abin da ake iya yi kafin kuɗi ya fito, kuma ba ya jiran rani: a fitar da niƙa da tarin dutse daga gidaje, a ware turame da injinan da suka taɓa dutse, a kai yaran da ke jijjiga asibiti nan take, a auna gidaje a zana taswira tun ƙasa ba ta jiƙe sosai ba, a nemo wurin rami da wurin ɗibar ƙasa mai tsabta a gwada su. Ruwa ya riga ya fara sauka a Neja, kuma hanyar Shikira daga Kagara ba ta ɗaukar tifa mai kaya in damina ta kankama.